Kundin bakin tafki: abin da muka gani da abin da muka nema muka rasa

13 ga Janairu, 2024

Yau muka buɗe littafin. Wurin da muka ɗauka ba shi da wani girma: tafki ne guda da ba ya ƙafewa ƙaf sai rani ya yi nisa, da gonakin da suka kewaye shi, da wani jerin tsofaffin itatuwa ta gabas, kuka da tsamiya da gawo da giginya biyar. In mutum bai yi sauri ba, cikin awa biyu zai zagaye shi da ƙafa. Mu huɗu ne, ni da ƙanena da wasu ɗalibai biyu, mace da namiji, da suka ce suna son koyo. Kayan aikin kuwa madubin hangen nesa biyu, wayoyinmu, littafi mai taurin bango, da fensir. Tawadar biro ba ta jure raɓa, shi ya sa.

Ungulu ce ta tayar da ni. Kwanakin baya wani yaro ɗan shekara goma ya ga hotonta a littafin makaranta, ya tambaye ni ko a ƙasar waje take. Na buɗe baki zan ce masa ai lokacin da nake kamarsa ko kallo ba ta ishe mu ba, sai na tsaya ina lalube a raina: yaushe rabona da ita? Wace shekara? Na kasa kamawa. Na tambayi mutum shida da suka girme ni, kowa ya ce an daɗe, babu wanda ya iya faɗin shekara. Tsuntsuwar da ta cika sama ta tafi a kan idonmu, kuma ko layi ɗaya ba mu da shi da zai nuna yadda abin ya faru. Ba wanda ya rubuta ta, domin ba wanda ya zaci abin da ke ko'ina yana buƙatar rubutu.

Don haka ƙa'idar da na kafa wa yaran ita ce kome za mu rubuta, har hankaka, har ƙadangaren da ke shan hantsi a kan kututture. Kuma kowane layi sai ya amsa tambaya huɗu: mene ne, a ina, yaushe, wa ya gani. Duk cibiyoyin da ke tara bayanan halittu a kan waɗannan huɗun suka tsaya, in ɗaya ta ɓace layin ya koma hira. A saman shafi za mu riƙa sa lokacin da muka fara, lokacin da muka tashi, mu nawa ne, da yanayin gari. Yau hazo ya yi kauri har ba a ganin ɗaya gaɓar sosai. Na rubuta hakan ma. Kowace Asabar za mu zo, hanya ɗaya, awa biyu.

20 ga Janairu

Ƙidayar farko ta tsuntsayen ruwa. Ba da ka muka zaɓi lokacin ba. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu, ƙungiyar Wetlands International ke haɗa ta, kuma hikimar ita ce a wannan lokacin masu ƙaura sun sauka sun zauna, ba su kan hanya, da wuya a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu. Mu ba mu shiga tsarin ba tukuna, amma na so lissafinmu ya zo daidai da lokacin nasu, ko wata rana wani zai so ya gwada.

Ƙirga garke yana da dabara. In sun yi yawa ba ɗaya-ɗaya ake bi ba: ka ƙirga goma, ka riƙe faɗin wurin da suka ci a idonka, sai ka yi ta aza shi a kan sauran. Na sa ɗaliban su ƙirga kirinjijiya kowa shi kaɗai, ba magana. Lissafinsu bai zo kusa da juna ba. Muka ɗauki hoto, muka zauna muka bi su kai da kai, sai ga shi dukansu biyun ƙasa suka yi. Ido yana raina babban garke, sai an hore shi.

Ta suna ce ta fi wannan wuya. Ƙanena ya rubuta "zalɓe 7". Na ce wane zalɓen? Manyan iri biyu ne a tafkin. Akwai Ardea cinerea mai farin goshi da baƙin zane ta bayan ido da baki rawaya, akwai Ardea melanocephala mai baƙin kai da ƙeya da farin maƙogwaro. In sun tashi an fi rabe su, domin ƙarƙashin fiffiken na biyun fari ne ta gaba baƙi ta baya, na farkon kuwa ruwan toka ne gaba ɗaya. Mu suna ɗaya muke kiransu. A wasu wuraren kuma harshen ya riga ya gama aikin: ba mai haɗa guza da damo, ba mai kiran bardo hasbiya. Muka yanke cewa shafi zai samu gurbi biyu, ɗaya na sunan Hausa kamar yadda mai ganin ya faɗe shi, ɗaya na sunan Latin mai kalma biyu, tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya daidaita wa dabbobi a 1758. Na Latin ɗin don na nesa ya gane mu ne. Na Hausar ba zan yarda a share shi ba, shi ma bayani ne, kuma shi ma yana iya ɓacewa.

3 ga Fabrairu

Jiya ce ranar dausayi ta duniya, ranar da aka ƙulla yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a Iran a 1971. Cikin ma'aunan da ake sa wuri a jerinta akwai ya riƙa ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi 1 cikin 100 na wani iri. Da na faɗa wa yaran, ɗalibar ta dubi tafkinmu ta ce, "To Malam, mu da ko kusa ba mu kai ba, me namu zai ƙara?"

Tambayar ta dace. Na ce mata tsuntsun da ya ƙetaro Sahara daga Turai ba jerin Ramsar yake bi ba, ruwan da ya tarar yake sauka, kuma irin waɗannan ƙananan tafkunan su ne ba mai ƙirgawa. Na kuma ba ta labarin ƙidayar Kirsimeti ta Amurka, wadda Frank Chapman ya kawo shawararta a 1900 don ta maye gurbin gasar harbi. Mutum 27 suka fara ta a wurare 25. Shekarar farko ba ta nuna kome ba. Maimaitawar da aka yi ta yi sama da shekara 120 ce ta ba ta daraja.

24 ga Fabrairu

Akwai wani dattijo da ke koro shanunsa shan ruwa da hantsi. Makonni shida yana kallonmu bai ce uffan ba bayan gaisuwa. Yau ya dogara sandarsa ya ce, "Ɗana, me kuka ɓatar ne kuke ta nema a sama?"

Na ce, "Baba, ungulu muka ɓatar."

Ya yi shiru jim, sannan ya zauna a gindin tsamiya, muka zauna ƙasa da shi. Ya ce ai ba ita kaɗai ba ce. Ya nuna gaɓar arewa ya ce can gauraka ke sauka bibbiyu, suna tsalle suna buɗe fiffike, kukansu ke tayar da shi da asuba. Ya ce burtu na yawo a gonakin nan uku-uku yana tsintar ƙwari da macizai. Ya ambaci dinya, da gada a cikin sarƙaƙiyar da yanzu ta zama gona, da kukan kura da dare. Ya kawo wasu sunaye uku na tsuntsaye da ban taɓa ji ba, ya kwatanta su da hannu da baki, na rubuta yadda ya furta.

Shekaru ba ya riƙe su da lamba, da abin da ya faru yake riƙe su. Ya ce gauraka ta wuce fari na farko, bayan na biyu ne ta fara ƙaranci. Manyan fari biyu da suka afka wa yankin Sahel sanannu ne, na farkon shekarun 1970 da na wajen 1984, don haka maganarsa ta ba ni turke, ko da ba ta ba ni rana ba. Gauraka kuwa, Balearica pavonina, tana cikin Jan Kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wato jerin halittu bisa haɗarin ƙarewarsu, wanda aka fara a 1964, a rukunin masu rauni, saboda ƙafewar dausayi da kamun da ake mata da rai ana sayarwa.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan mun rabu shi ne ɗaliban nan biyu suna ganin tafkin cike yake. Gare su haka Allah ya yi shi. Ni ina ganin ungulu ce kawai ta rage. Shi Baba kufai yake gani. Wani masanin kifi, Daniel Pauly, ya rubuta a kan wannan a 1995: kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin asali, sai asara ta yi ta tafiya ba wanda ya ji nauyinta duka. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ballantana abin da ke baya.

Na juya littafin na buɗe sashe daga ƙarshe, na sa masa suna "Abin da aka ji". Ba zan cakuɗa shi da abin da muka gani ba, domin gani ya kori ji. Amma inda ba a bar mana gani ba, jin nan shi ne kaɗai ya rage, kuma masu shi suna tafiya.

16 ga Maris

Na soke layi guda yau, kuma nawa ne. Makonni biyu da suka wuce na rubuta Tringa ochropus, ɗaya daga cikin ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu zuwa daga arewacin Turai. Daga nesa na hange shi, rana na bayansa. Ɗalibin da ke tare da ni ya ɗauki hoto, yau da muke bin hotuna ya ce, "Malam, ka duba girar nan." Farin zanen ya zarce bayan ido, ƙafafun rawaya-rawaya ne, bayan kuma cike da ɗigo. Tringa glareola ne, ɗan'uwansa. Da na ga tashinsa da ƙarƙashin fiffike ya raba gardama, na farkon baƙi ne wuluk, na biyun mai haske. Ban gani ba, kuma na rubuta kamar na tabbata.

Na ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, na sa gyaran a gefe da ranar yau. Ba ma goge kome a littafin nan. Na ƙara ƙa'ida: in ba ka tabbata ba ka tsaya inda saninka ya tsaya, ka rubuta dangin kawai. Bayanin ƙarya ya fi rashin bayani illa, domin wani zai ɗauke shi ya yi gini a kai. Haka nan manhajar waya mai gane kukan tsuntsu, shawara take bayarwa. Ba a shigar da abin da ta faɗa sai kunne ko ido ya shaida.

6 ga Afrilu

Zafi ya tsananta, tafkin ya koma laka sai tsakiya. A gindin kuka, ƙarƙashin wani kogo, ƙanena ya tsinci wasu curi-curi baƙaƙe masu gashi. Aman mujiya ne. Takan haɗiye abin da ta kama ɗungurungum, sannan ta mayar da ƙashi da gashi a dunƙule. Mai kogon ita ce mai farar fuska, Tyto alba, mun ga fitarta da magariba.

Muka kwaso goma sha biyu, muka jiƙa su a ruwa, muka bi da tsinke. Ƙoƙon kan ɓera yana da dogayen haƙora biyu a gaba, sai giɓi, sai turame. Na jaɓa dogo ne siriri, haƙoran a jere ba giɓi, masu tsini, na mai cin ƙwari. Mun samu dukansu. Wata uku muna zagaye ba mu taɓa rubuta jaɓa ba, ashe tana nan, mujiya ce ta yi mana ƙidayar dare. Sai dai a gurbin "a ina" na rubuta cewa wurin tsintuwa ne, ba wurin kamu ba, tunda tana iya farautowa daga nesa.

27 ga Afrilu

Shamuwa ta iso. Uku, a kan tsamiya, ƙarfe bakwai da kwata na safe. Makon jiya babu. Daga kudancin Afirka take dawowa ta yi sheƙa da damina, ta ci fara da tsutsa. Kowa ya san zuwanta yana nufin ruwa ya kusa, amma ranar zuwan, shekara bayan shekara, ita ce za ta nuna ko lokutan suna gocewa. Wannan ce rana ta farko a jerin.

11 ga Mayu

Yau ce babbar ranar kallon tsuntsaye da eBird, shafin intanet na tara jerin tsuntsayen da aka gani, ke shiryawa duk shekara, muka shigar da jerinmu tare da na sauran duniya. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell a Amurka ce ke riƙe da eBird, tun 2002. Kafin ka aika jeri sai ta tambaye ka abu guda: shin wannan duk abin da ka iya ganewa ne, ko zaɓe ka yi? Na tsayar da yaran a kan tambayar nan na ɗan lokaci, domin ita ce zuciyar aikinmu.

In ka ce zaɓe ka yi, jerinka yana faɗin abin da ke nan kawai. In ka ce duka ne, ya faɗi har abin da babu. Duk irin da bai fito a jerin ba ya zama sifili, kuma sifili ne mai nauyi, tunda an san awa nawa ka yi, nisa nawa ka taka, ido nawa suka duba. Yau zagayenmu na 18 ke nan, awa 36 a hanya ɗaya, kuma ungulu sifili ce sau 18. Da farko ganin gurbin nan fayau yana kashe mini jiki. Yanzu na gane shi ne abu mafi tsada da muke da shi. "Ba a ganinta yanzu" magana ce da kowa ke yi. "An nema sau 18 a ranaku kaza ba a gani ba" shaida ce da za a iya ajiyewa a gaban hukuma.

Ɗan abin da aka sani game da faɗuwar ungulu a Afirka ta Yamma, mutum ɗaya mai naci ne ya samar da babban kasonsa. Jean-Marc Thiollay, Bafaranshe, ya bi hanyoyi da mota a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe. Ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. A wajen gandun da ake tsaro, manyan nau'o'in ungulu sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Da bai ƙirga su lokacin da suke birjik ba, da ba abin da zai gwada da shi. Ita kuwa tamu ta cikin gari, Necrosyrtes monachus, har zuwa 2011 tana rukunin da ba a damu da su ba a Jan Kundi. A shekarar aka ɗaga ta zuwa masu fuskantar barazana, a 2015 kuma aka kai ta mataki na ƙarshe kafin a ce ta ƙare a daji. Guba na kashe ta, ana cinikin kanta da sassan jikinta, dogayen itatuwan da take sheƙa suna faɗuwa, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. A 2020 sama da 2,000 suka mutu da guba a Gini Bisau cikin 'yan makonni. Tsuntsun da ke haihuwar ɗaya-ɗaya ba ya farfaɗowa daga irin wannan da wuri.

Na dubi jerin yau: balbela, hankaka, kurciya, shirwa. Su ne yanzu ko kallo ba su ishi kowa ba. Na sa aka ƙirga kowannensu da lamba.

22 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi shekaranjiya, don haka bayan zagayen safe muka koma da dare da tocila. Tun daga nesa tafkin ke amsawa. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to kwaɗo ya fi shi riƙe wannan. Maza ne ke kukan, kuma kowane iri da muryarsa: wani kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa, wani kamar ana jan zarto, burduddugi kuwa daga ƙasan maƙoshi. Mun rabe murya biyar, biyu kawai muka iya sa wa suna. Sauran muka naɗa a waya minti ɗaya-ɗaya, kowace naɗa mai riƙe da wayar ya fara faɗin rana da lokaci da wuri, don kada sautin ya rabu da bayaninsa.

Mun ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hoto ko sautin halitta wasu su tantance sunanta. A can bayani ba ya samun matsayin da masu bincike ke amfani da shi sai yana da rana da wuri da hoto ko sauti, kuma fiye da biyu bisa uku na masu tantancewa sun yarda da suna ɗaya. Yana iya ɗaukar watanni, masanan kwaɗin wannan yanki ba su da yawa. Ga shi kuwa cikin dabbobi masu ƙashin baya dangin kwaɗi ne suka fi shiga uku a duniya, kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu na cikin barazana.

A hanyar dawowa ɗalibar ta haska wani reshe ta ga hawainiya tana barci a can ƙarshensa, ta yi fari fat. Da rana sai ka wuce ta sau goma, da dare launinta ke kashewa ta fito fili. Muka kuma ci karo da bushiya ta farko a littafin. Duk rani tana ɓoye tana barci, ruwa ne ya fito da ita.

20 ga Yuli

Cilakowa na da sheƙa a ɗaya daga cikin itatuwan gabas. Namijin muka fara lura da shi, yana ta kai-kawo da fara a baki zuwa wata 'yar tsaga a jikin itace. Macen na ciki. Da kanta take liƙe bakin kogon da laka da kashinta, ta bar tsagar da baki zai shiga, ta zauna makonni tana kwanci shi yana ciyar da ita. Tsuntsu irin wannan ba ya iya haƙa kogo, sai tsohon itace ya yi masa. Minti biyar muka yi daga nesa muka wuce.

Wannan ya jawo muhawara tsakanina da ƙanena: mu sa ainihin wurin a intanet ko kada mu sa? Shi yana ganin bayanin da ba shi da daidaitaccen wuri gurgu ne, kuma yana da gaskiya. Ni kuma ina tuna cewa ba masu bincike kaɗai ke buɗe taswira ba. Akwai guza babba a gaɓar kudu da muke gani kusan kowane mako, fatarta kuwa haja ce, shi ya sa cinikinta tsakanin ƙasashe ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai sa ido kan cinikin halittun daji. Muka tsaya a kan cewa ainihin lambobin GPS suna cikin littafi, a intanet kuwa sheƙa da duk dabbar da ake farauta za mu lulluɓe wurinsu. iNaturalist na da wannan zaɓin, takan nuna fili mai faɗin kilomita ashirin da 'yan kai a maimakon ɗigo.

31 ga Agusta

Asabar uku ba mu zo ba, ruwa ya shanye hanyar gabas. Ɗalibin ya buɗe shafukan zai cika su da sifili don kada jadawalin ya yi giɓi. Na riƙe hannunsa. Sifili na wanda ya je ya duba ne. Muka rubuta "ba a je ba" a shafi uku, da dalili.

12 ga Oktoba

Ƙarfe tara saura, muna gaɓar kudu, ƙanena ya ce, "Yaya, ɗaga kanka." Can sama ƙololuwa wani baƙin tsuntsu na shawagi ba ya kaɗa fiffike. Na ce a raina shirwa ce, amma wutsiyar gajera ce ba ta rabu biyu ba, fiffiken kuma faffaɗa ne, ƙarshensa a buɗe kamar yatsu. Na sa madubi. Ƙaramin kai, siririn baki. Hannuna na rawa na ce a ɗauki hoto, kowa ya ɗauka. Ta yi kewaye huɗu ta miƙe yamma.

Hotunan ba su da kyau, amma biyu sun nuna baki da wutsiya. Ba mu yi gaggawa ba, darasin watan Maris na nan. Muka aika wa masu tantancewa, zuwa dare biyu sun amsa: ungulu ce, Necrosyrtes monachus, kuma duhun kanta na nuna ba ta gama girma ba.

Zagaye na 37 ke nan. Na rubuta "1, a sama, wucewa, ba ta sauka ba". Yaran suna ta murna suna cewa ta dawo. Na bar su suka yi, ni ma idona ya cika, amma da muka zauna na ce su dubi shafukan baya. Ɗaya ce a kan sifili 36. Ba ta nuna dawowa ba. Abin da ta nuna shi ne a wani wuri da fiffike ke iya kaiwa akwai sheƙar da ta fitar da ɗa a shekarun nan. An ce ungulu ba ta jewar banza. Ina so in san abin da ta hango a yamma.

16 ga Nuwamba

An sare itacen cilakowa. Mun tarar da kututture da rassa a tare, kogon a tsage, busasshiyar lakar na manne a bakinsa. 'Ya'yan sun riga sun tashi tun damina, wannan kaɗai ne sauƙin.

Da yamma na je wajen mai gonar da littafin a hannu. Ban je da faɗa ba, gonarsa ce, kuma inuwar na cinye masa shuka. Bayan gaisuwa na ce, "Ranka ya daɗe, wani abu na kawo ka gani." Na buɗe masa shafukan jerin itatuwan: mujiyar kuka da ƙasusuwan ɓerayen da ta cinye daga gonarsa, shamuwar tsamiya da farar da take kwashewa, tsattsewar giginya mai manna ƙwanta da miyau a jikin ganye. Ƙasusuwan ɓerayen ne suka tsayar da shi, ya sa na sake nuna masa hoton. Bai yi alkawari ba. Ya ce kuka da tsamiya ba ya da niyyar taɓa su, sauran kuma zai duba. Na rubuta ranar da aka sare itacen a shafinsa, na kuma fara abin da ya kamata mu yi tun Janairu: auna kaurin kowane babban itace da igiya, da ba shi lamba.

28 ga Disamba

Makon nan a gaban kwamfuta ya ƙare, ana kwashe littafi zuwa jadawali. Aiki ne mai cin rai. Wani ya rubuta rana kafin wata, wani wata kafin rana. Kurciya ta fito da rubutu iri uku. Layuka tara ba su da sunan mai gani, biyar muka gano ta hannun rubutu, huɗu muka ajiye gefe.

Abin da muka ɗora a eBird da wanda aka tantance a iNaturalist yana gangarawa zuwa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001, mai ofishi a Kofanhagan ta ƙasar Danmak. Bayanan da ke ciki sun haura biliyan biyu, amma in ka buɗe taswirarsu Turai da Arewacin Amurka sun yi cunkus, wurare da dama a Afirka kuwa fayau, kamar ba mai rai a can. Na nuna wa yaran ɗigon tafkinmu. Biyu daga cikin muryoyin kwaɗin Yuni har yanzu ba su da suna.

Zagaye 48 muka yi a shekarar. Ungulu: sifili 47, ɗaya 1.

Baɗi za mu ƙara tsarin taswirar tsuntsaye da aka fara a Afirka ta Kudu a 2007, wanda Kenya da Najeriya suka ɗauka daga baya. Ana yanka ƙasa gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 a tsaye da kwance, a yi aƙalla awa biyu ana bin kowane irin muhalli da ke ciki, a jera tsuntsaye bisa yadda aka fara ganinsu. Gidan da ke yamma da namu, inda ungulun nan ta nufa, shi za mu fara shiga. Zagayen Asabar kuwa ba zai canja ba, hanya ɗaya, awa biyu.

Sunaye ukun da Baba ya ba ni, ɗaya ya warware: na kunna masa kukan tsuntsaye a waya, da aka zo kan wani ya ɗaga hannu ya ce shi ne. Biyu na nan a sashen baya. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta faɗo 18 ga Janairu. Ya ce zai riga shanunsa fitowa ranar, ya kai mu gaɓar arewa ya tsaya daidai inda gauraka ke rawa, mu ɗauki lambar wurin.